Wa Ya Cinye Saƙon Taki?

Motar taki ta iso Jajaye da hantsi, aka sauke buhunan kamfa da yuriya a ƙofar gidan Alhaji, shugaban ƙungiyar manoma, amma har aka kira la'asar kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zuba kuɗi ba su leƙo ba. Ƙa'idar ƙungiyar kuwa kowa ya san ta. Tun da bazara ake ba da kafin alƙalami, ranar da kaya suka zo kowa ya kawo ciko ya ɗauki rabonsa, wanda bai zo ba a sayar wa na waje don a sallami dila a ranar. Haka aka yi. 'Yan ƙungiyar ba a gari ɗaya suke ba, a warwatse suke cikin ƙauyukan wannan yanki na ƙaramar hukumar Rogo, wasu har ƙasar Karaye wajen masu noman rani a bakin madatsar Challawa, don haka kafin labari ya kai musu takinsu yana gindin masarar wasu. An mayar musu da kuɗinsu. To amma wanda masararsa ta kai gwiwa ba kuɗi yake nema ba, kuma a kasuwa taki ya riga ya tashi.

Laifin ya faɗa kan sakatare, wanda shi ne mai tura saƙon tes. Ɗan kawuna ne, malamin firamare, Hausa yake koyarwa. Tuhuma biyu aka ɗora masa. Waɗanda suka rasa taki suka ce 'yan lelensa kaɗai ya tura wa. Ma'aji kuma ya duba lissafi ya ga kuɗin da aka cire na wannan saƙo guda ya ninka na kowane saƙo da aka taɓa turawa fiye da sau uku. Ga saƙo bai kai wa kowa ba, ga kuɗi sun tafi ninki uku. Ko ni da nake ɗan'uwansa, da aka zayyana min a waya sai da na yi jim.

"Yaya, wallahi kowa na tura wa," in ji shi. "Ka zo ka gani da idonka."

Zafin da abin ya yi yana da tarihi. Tun 2012 manoman yankin nan suka san saƙon taki a waya, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma a gwamnatin Goodluck Jonathan, aka fito da shirin GES. Manomi ya yi rajista, saƙo ya shigo wayarsa, ya je cibiyar da aka ambata ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tun daga nan abu ɗaya ya zauna a ran mutane: in maƙwabcinka ya samu saƙo kai ba ka samu ba, to wani ne ya zare sunanka. Ba wanda yake kawo wa ransa cewa saƙo yana iya mutuwa a hanya ba tare da hannun maƙiyi ba.

Abin da Malam ya nuna min shi ne shafin kamfanin da ƙungiyar ke sarin saƙo a wurinsa. Kana zuba kuɗi, ka ɗora jerin lambobi, ka rubuta saƙo sau ɗaya, na'ura ta watsa shi da sunan ƙungiya a maimakon lambar waya. A gaban saƙon takin an rubuta cewa an tura, kuma adadin lambobin bai gaza na 'yan ƙungiya ba, har ma ya ɗan haura. Wannan ya wanke shi daga tuhumar farko a wurina, amma bai wanke shi a wurin kowa ba, domin mai gona ba ruwansa da abin da allon kwamfuta ya ce.

Shugaba ya ce ai matsalar sabis ce, a bar maganar. Na so a ce haka ne, don da an huta. Sabis a wasu ƙauyukan Rogo sai an hau tudu ko an fita bakin hanya. Sai dai saƙon tes ba kamar kira ba ne da in bai shiga ba shi ke nan. Cibiyar kamfanin waya tana riƙe shi, ta yi ta gwada miƙawa, da zarar wayar ta kama sabis ya faɗo, sai in wa'adin riƙon ya cika ta zubar. Malam kuwa ya tura saƙon ana jibi motar za ta zo. Ga kuma wasu 'yan'uwa biyu, gida ɗaya, layin kamfani ɗaya, dukansu sun zo sun ɗauki taki, amma da na tambaya sai ƙanin ya ce shi bai ga komai ba, wansa ne ya faɗa masa a gona. Sabis ɗin da ya shiga ɗakin wa ba zai tsaya a ƙofar ɗakin ƙani ba. Muka ajiye wannan.

Sai a duba wayoyin kansu. A ƙauye wannan ba ya buƙatar bin gida-gida, domin akwai wurin da wayoyi ke taruwa da kansu: rumfar mai caji. Wani matashi ne yake da ita a bakin kasuwa, da farantin sola a kan rufi da ƙaramin janareto na ko-ta-kwana, ga wayoyi jere a kan katako kowace da lamba a manne. Muka sa aka yi wa waɗanda ba su samu saƙo ba magana, duk wanda ya kawo caji ya ba mu izini mu duba.

Wayoyin dattawa yawanci ƙanana ne masu tocila. A kan da yawa daga cikinsu alamar ambulan tana ta ƙyaftawa a saman allo. Masu su sun saba da ita har sun ɗauka ado ne. Ma'anarta kuwa akwatin saƙo ya cika, sabo ba shi da wurin sauka. Na buɗe ɗaya na yi ta gangarawa. Tallan waƙar kira, tallan caca a kan ƙwallon Turai, gayyatar cin bashin kati, albishir na kyautar da ba a shiga gasarta ba, kusan duk da Turanci, ga mutumin da ajami kaɗai yake karantawa. A cikin wannan tari duka ban ga saƙon da ɗan Adam ya zauna ya rubuta wa mai wayar ba. Na'ura ce ta yi ta zuba wa na'ura, har ta toshe. Muka share, Malam ya tura saƙon gwaji, ya shigo nan take. An sami bayanin rukuni na farko.

A nan ne kuma wani abu ya fito wanda bai yi wa Malam daɗi ba. A wasu wayoyin saƙon takin yana nan, ya shigo lafiya, ba a buɗe shi ba. Na tambayi wani magidanci dalili.

"Malam ai kullum cikin turo mana yake," ya ce. "Barka da Juma'a, barka da shan ruwa, a tuna da taro, an ɗaga taro. Na ga sunan ƙungiya na ce gaisuwar ce, sai na dawo daga gona."

Malam ya ce zumunci yake ƙarfafawa. Na yarda da niyyarsa, amma ina ganin magidancin ya fi shi gaskiya. Sunan da ke fitowa a kan saƙo jari ne, kuma duk lokacin da ya fito ba da wani abu mai muhimmanci ba, an ci daga jarin. Mutumin da ya buɗe sau da yawa ya tarar da gaisuwa ya koyi darasi, kuma darasin da ya koya daidai ne bisa abin da ya gani.

Da dare muka zauna kan jerin lambobin, layi-layi, muna gwada shi da littafin rajista. Lambar waya a Najeriya ƙwaya 11 ce, da sifiri a farko. Wasu a jerin 10 ne. Wani ɗalibi ne ya taya Malam shigar da su a manhajar jadawali, ita kuwa in ba a gaya mata ba, lambar waya a wurinta adadi ne kamar na lissafi, sai ta yar da sifirin farko don ba ya ƙara komai. Malam ya gyara mafi yawa da hannu, 'yan kaɗan suka zille masa. Wasu kuma an shigar da su sau biyu, sau ɗaya da sifiri, sau ɗaya da 234 na ƙasa, masu su suka sami saƙo biyu aka biya kuɗin biyu. Wannan ne ya sa adadin ya haura. Ya bayyana ɗan ƙarin kuɗi, amma bai kusa bayyana ninki uku ba.

Bayan an cire masu cikakken akwati, da waɗanda ba su buɗe ba, da masu gurguwar lamba, rukuni mafi girma yana nan. Wayoyinsu ba su cika ba, hasali ma fes suke, ba talla ko ɗaya. Lambobinsu daidai. Saƙon gwaji bai shigo musu ba. Amma alat na banki yana shigowa, kuma in na tura musu tes daga wayata yana shiga kafin na ɗaga kai. Ƙanin nan da wansa ya faɗa wa yana cikinsu.

Tsabtar wayoyin ce ta tsaya min a rai. A ƙasar nan layin da ba ya samun talla abin tambaya ne.

Na sa Malam ya nemo cikakken rahoton saƙon, ba taƙaitaccen da ke shafin farko ba. Kamfanonin sarin saƙo suna da matakai biyu da mutane ke ruɗawa. An tura yana nufin saƙo ya bar hannunsu. An isar yana nufin wayar mai lamba ta amsa cewa ta karɓa. A gaban lambobin wannan rukuni ba ko ɗaya daga biyun, an rubuta cewa an ƙi karɓa, da haruffa uku, DND. Kuma duk da haka kamfanin ya cire kuɗinsu.

Wannan tsari na kar-a-dame-ni Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ce ta wajabta wa kamfanonin waya daga 1 ga Yuli, 2016, zamanin shugabancin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ɗan jihar Kano. Tun da Econet da MTN suka fara aiki a Agustan 2001, Glo ya biyo a 2003, Etisalat a 2008, layuka suka yawaita, masu talla suka gano cewa ba hanyar shiga aljihun mutum mai arha kamar tes. Koke ya yi yawa, hukumar ta ware lamba ɗaya ga dukkan layuka, 2442. Ka tura STOP, a rufe maka tallace-tallace gaba ɗaya. Ka tura STATUS, a gaya maka matsayin layinka. Ka tura ALLOW, a sake buɗewa. Muka tura STATUS daga wayar ƙanin, amsa ta dawo cewa layinsa a rufe yake ruf.

Sai dai shi bai taɓa jin 2442 ba. Haka sauran. Mafi yawansu ba sa rubuta tes ko da Hausa, balle su tura kalmar Turanci zuwa lambar da ba su sani ba. To wa ya rufe? Nan take wani ya ce ai ga shi, sakatare ne ya bi ya toshe layukan mutane. Na ce ba zai yiwu ba, sai daga wayar mutum ake turawa. Sai na tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda suka taɓa ba wa wayarsu ya gyara musu wani abu. Amsar ta zo iri ɗaya. Kowannensu ya taɓa kukan cewa katinsa yana zurarewa, ya sa na ɗari biyu da dare, da safe ya tarar saura kaɗan bai kira kowa ba. Kuma kowannensu wuri ɗaya ya kai kukan.

Mai caji yana jinmu tun ɗazu, yana ta sauya wa wayoyi soket.

"Yallaɓai, ni ne," ya ce. "Duk wanda ya ce min ana cinye masa kati, abu biyu nake yi masa. In danna *305# in cire shi daga duk abin da aka sa shi, sannan in tura STOP don kada su sake turo masa wani ya danna bisa kuskure. Ban taɓa karɓar ko sisi a kai ba."

Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba. Ya san abin da mutane da yawa masu digiri ba su sani ba, cewa rufe talla daban, cire mutum daga rajistar da ke zarar kuɗi kullum daban. Lambar *305# tana cikin gajerun lambobin da NCC ta daidaita wa dukkan layuka a 2023, tare da *310# ta duba kati da *311# ta sa kati. Dattijon da ba ya karatun boko, saƙo ya faɗo masa a allo yana neman ya danna ɗaya, shi kuma so yake kawai ya kawar da shi ya ga lambar ɗansa, ta haka ake shiga rajistar da ba a nema ba. Yaron ya tsare musu kuɗinsu. Abin da bai sani ba shi ne saƙon ƙungiya ta ƙofar 'yan talla yake bi.

Saƙon sari hanya biyu gare shi. Akwai ta talla, mai arha, wadda kowa zai iya saya, ita ce 2442 ke tarewa. Akwai ta saƙon hulɗa, wadda bankuna ke turo alat da lambar sirri ta cikinta, ita ba a tare ta, ta fi tsada, kuma sai an tantance mai turawa da irin abin da zai riƙa turawa. Shi ya sa alat ke shigowa saƙon taki ba ya shigowa. Na'urar da ke tacewa ba ta karanta saƙo ta gane wannan na taki ne wancan na caca, hanyar da ya biyo kawai take dubawa. Malam ya sayi mai arha don ya tausaya wa asusun ƙungiya.

Akwai rabin rufewa a tsarin, inda mutum zai zaɓi irin tallan da yake so ya bari. Rukunai 9 aka fara da su: banki da inshora, gidaje da filaye, ilimi, lafiya, kayan masarufi da motoci, sadarwa da nishaɗi, yawon buɗe ido, wasanni, addini. An tuna da mai zuwa shaƙatawa, ba a tuna da mai gona ba, a ƙasar da shekara huɗu kafin nan gwamnati da kanta take raba taki ta tes.

Saura kuɗi. Ma'aji ya saurari duk wannan bayani ya ce ya ji, amma shi tambayarsa ba a taɓa ta ba.

Na ce Malam ya buɗe min saƙon takin yadda ya rubuta shi. Hausa ce tsantsa, ba inda za ka sa jan biro. Kowane ƙ da lanƙwasarsa, kowane ɗ da tasa, ga alamar ₦ a gaban kuɗin ciko. Bai daɗe da sa madannin Hausa a babbar wayarsa ba, kuma mutumin da ya shekara yana yi wa yara faɗa kan lanƙwasa ba zai tura wa iyayensu rubutu babu ita ba. Tsawon saƙon ya kai harafi 150. A ƙasan akwatin rubutun, da ƙananan baƙaƙe, shafin ya nuna cewa shafi 3 ne. Na goge lanƙwasoshin ɗaya bayan ɗaya, na mayar da ₦ ta zama N. Da na goge ta ƙarshe, 3 ta koma 1.

Dalilin yana can Turai, tun kafin a san za a yi wayar hannu a Rogo. A tsakiyar shekarun 1980 wani injiniya Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, yana cikin waɗanda suka tsara tes, shi ya tsaya kan cewa harafi 160 sun ishi gajeren saƙo. Saƙon farko an tura shi ranar 3 ga Disamba, 1992 a Ingila, a kan layin Vodafone, shekarar da aka kammala madatsar Challawa. Mazubin saƙo guda ƙwayar lissafi 1,120 yake ɗauka, bai ƙaru ba har yau. A jerin haruffan da aka tsara masa kowane harafi ƙwaya 7 yake ci, shi ya ba da 160. Jerin yana da é ta Faransanci, da ñ ta Sifaniyanci, da ü ta Jamusanci, da alamar fam da dala da yen, har da wasu haruffan Girka. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu alamar naira. Da zarar ɗaya daga cikinsu ta shiga, ko da guda ce, saƙon gaba ɗaya sai ya koma tsarin Yunikod, inda kowane harafi ke cin ƙwaya 16, mazubin ya ɗauki 70 kacal. Buhun bai sauya ba, gero ne aka juye aka zuba dankali. In kuma saƙo ya wuce shafi ɗaya, kowane shafi yana ba da ɗan wuri don alamar da za ta haɗa su a wayar mai karɓa, sai 160 ta koma 153, 70 ta koma 67. Harafi 150 a raba 67-67, shafi uku ke nan, kuma kowane shafi kuɗinsa daban. Gaisuwar Juma'a ba ta taɓa tona wannan ba don gajeriya ce, ko da lanƙwasa ba ta kai 70.

Daga baya an yi wa Turkanci da Sifaniyanci da Fotugisanci da harsunan Indiya goma, har da Hindi da Urdu, jeri na musamman a cikin ƙa'idar don kada masu su su biya ninki. Ba a yi wa harshen Afirka ko ɗaya ba. Haruffan da Hausar boko ke amfani da su tun shekarun 1930, kuma miliyoyin mutane ke karantawa daga Kano zuwa Maraɗi, a wurin tes baƙi ne masu biyan kuɗin shiga. Da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin sadarwa a Janairun 2025, tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, wannan bambanci ya ƙara nauyi.

Ma'aji ya karɓi wayar ya gwada da hannunsa, ya sa ƙ ya cire, ya sa ya cire, yana kallon lambar tana tsalle. Sannan ya miƙa wa Malam hannu.

Da a nan aka tsaya da an ce an gama, amma mutum ɗaya bai shiga kowane rukuni ba, kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya tun farko. Dattijo ne mai faɗa a ji, kowa Baba yake ce masa. Akwatin wayarsa bai cika ba. Layinsa a buɗe yake, ga talla nan tana shigowa. Lambarsa a jeri ƙwaya 11 ce cif. Rahoto kuma ya ce an isar, ba saƙon taki kaɗai ba, har da na gwaji da duk gaisuwar Juma'ar da aka taɓa turawa. A wayarsa babu ko ɗaya.

"To ku masu ilimi, sai ku faɗa min," ya ce. "Na kowa kun samo masa dalili. Nawa fa?"

"Baba, ko za ka faɗa min lambarka?"

Bai haddace ta ba. Ya cire hularsa ya zaro wata takarda da ta sha ninki, wadda yake miƙa wa duk mai neman lambarsa. Na gwada da ta jeri, ƙwaya-ƙwaya, babu bambanci. Na duba ko wani ne a gida yake share masa saƙo, ya ce wayarsa ba ta barin aljihunsa sai wurin caji, mai caji kuma ya rantse bai taɓa ta ba. Abu ɗaya ya rage wanda ba mu yi ba saboda sauƙinsa. Na ajiye wayar Baba a kan tabarma a gaban kowa, na kira lambar da ke takardar.

Tana ringin a kunnena, wayar da ke kan tabarma ko motsi. Can wata mata ta ɗauka, ba Bahaushiya ba, muka yi magana da Turancin kasuwa. Daga kudu take. Ta ce ta sayi layin sabo a shago, kuma ta gaji da saƙonnin da ake turo mata cikin harshen da ba ta ji, ta so ta mayar da amsa a daina amma saƙon ba shi da lambar da za a mayar wa.

Na ce Baba ya yi min filashin. Lambar da ta fito a wayata daban ce.

Da aka kira babban ɗansa, wanda ke aiki a Kano, sai bayani ya fito. Gwamnati ta ba da umarnin haɗa layi da lambar NIN a Disamban 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, a Afrilun 2022 kuma aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Na Baba yana ciki. Ɗan ya zo gida, ya ga gyaran zai ɗauki zirga-zirga, ya yi rajistar sabon layi ya sa masa a waya, ya kwafe masa lambobin mutane, ya koma. Ya ce ya faɗa masa, Baba ya ce bai ji ba. Shi dai ya ga waya ta ci gaba da kira. 'Ya'ya da abokan hulɗa duk sun adana sabuwar daga kiran da yake musu, takardar hula kuwa ba wanda ya tuna da ita. Tsohon layin ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani ya karɓe ya sake sayarwa, kamar yadda ƙa'ida ta ba shi dama. Rahoton bai yi ƙarya ba, an isar ɗin, ga mai lambar ta yanzu.

Na tambayi ɗan wace lamba ce a asusun bankin Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce gobe zai zo ya ɗauke shi su je a sauya. Wannan ya fi takin hatsari, don duk alat da lambar sirrin da banki zai turo, can za su sauka.

A taron da ya biyo baya Baba ne ya fara magana, ya ce a gaban jama'a ya zargi Malam, a gaban jama'a yake janyewa. Aka tsayar da cewa kowane ɗan ƙungiya zai yi wa sakatare filashin a gabansa, lambar da ta fito ita za a rubuta, ba ta takarda ba, kuma a maimaita haka kowace shekara kafin damina. Ba za a ce kowa ya buɗe layinsa wa 'yan talla ba, ƙungiya ce za ta kai takardun rajistarta ta nemi hanyar saƙon hulɗa, ta biya bambancin. Saƙo da sunan ƙungiya abu uku kawai zai ɗauka, zuwan kaya, ranar biya, da taron gaggawa. Gaisuwar Juma'a Malam ya yi ta daga wayarsa in yana so. Kowane ƙauye aka naɗa mutum ɗaya da za a kira baki da baki, ya sanar a masallaci bayan magariba. Mai caji aka roƙe shi ya riƙa share akwatin duk wayar da ya ga ambulan tana ƙyaftawa, bayan ya tambayi mai ita.

Lanƙwasa ce kaɗai aka yi ja-in-ja a kanta. Ma'aji ya ce a cire, kowa zai gane daga yadda maganar ta tafi. Malam ya ce shi hannunsa ba zai rubuta Hausa gurguwa da sunan ƙungiya ba, a ba wani sakatarcin. Shugaba ya raba gardamar, ya ce a bar wa Malam lanƙwasarsa da sharaɗin kada saƙo ya wuce shafi ɗaya. Da motar yuriya ta zagaye na biyu ta tashi zuwa, abin da ya tura shi ne: "Taki zai zo. A zo gidan Alhaji gobe Talata da hantsi da cikon kuɗi." Harafi 67 ne, har da tazara da ɗigo.